Musayar waƙa kan John Wooden, kocin da ke fara darasi daga safa

Malam Mai Alli:

Na buɗe fage da zancen ƙwallon kwando,
Da John Wooden, wanda Amurka ba ta manta ba.
A Dayton ta Kentucky ya soma, 1932,
Malamin Turanci, bai taɓa riƙe ƙungiya ba.
Kakar fari wasa 6 ya ci, aka ci shi 11,
Irin wannan shekara bai sake gani ba.
Ya koma South Bend, alli da safe, usur da yamma,
Shekara 11 a sakandare, bai raina yara ba.

Ɗan Autan Zaure:

Malam, a gafarce ni, ɗanka zai tanka,
Kofin ƙasa 10 da ya kai jami'ar UCLA ban musa ba.
Amma an ba shi gwanayen 'yan wasa, Lew Alcindor, an ƙara masa Bill Walton,
Ko ni aka ba dogayen nan, ba zan ji kunya ba.
Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya,
Wannan yabo naka bai yi yawa ba?

Malam Mai Alli:

Auta, zauna, ka sha ruwa tukuna,
Lissafin naka bai fara daga fari ba.
Tun 1948 yake UCLA ta Los Angeles yana shuka,
Kaka 15 ya yi, kofin ƙasa bai zo ba.
Da ya zo a 1964, ina dogayen naka?
'Yan wasa biyar da ke fara shiga fili, ko ɗaya bai haura ƙafa 6 da inci 5 ba.
Matsi suka yi da gudu, wasa 30 cif,
Ko guda ba su bar wa abokan karawa ba.

Yaya Mai Zare:

Ku dakata, maza, kun tsaya ƙirgar kofi,
Abin da ya kama ni ba ku taɓo ba.
Ranar farko safa yake koya musu sawa,
Wai ƙafar da ta yi bororo ba za ta yi gudu ba.
Ƙato a zaune yana miƙe safa,
Na so in ga wannan, Allah bai nufa ba.
Kuma a 1947, yana jami'ar Indiana State,
Aka gayyace su gasa, bai amsa ba.
Don an ce baƙar fata ba zai taka fili ba,
Shi kuwa bai yarda ya bar ɗan wasansa Clarence Walker a gida ba.
Da shekara ta zagayo aka sauya doka,
Walker ya buga, ba a hana shi ba.

Ɗan Autan Zaure:

Yaya, kin kayar da ni da zancen Walker,
Wallahi wannan ban taɓa ji ba.
Na janye rabi, Malam, rabin ina riƙe da shi:
Wasa 88 a jere, ba safa kaɗai ta ci ba.
Walton na ciki har jami'ar Notre Dame ta tsinke igiyar a 1974,
Wannan baitin ku amsa, ban tafi barci ba.