Furen da ba shi da ganye ko ɗaya: in tono shi ko in bar shi?

Mai Yawon Safe: Salamu alaikum. Jiya ina zagayawa bayan gari na ci karo da wani tsiro a cikin ciyawa, bai fi taƙi ɗaya ba. Ba ganye, ba ɗigon kore a jikinsa, kara ne mai kauri, ruwan ƙasa, da furanni shuɗi-shuɗi a jere. So nake in tono shi in dasa a tukunya. Zai rayu? Mene ne sunansa?

Abu Hafsat: Kauci ne.

Mai Yawon Safe: A ƙasa fa na gan shi, Malam, ba a kan bishiya ba.

Tsohon Manomi: Wuta-wuta ce, yaro, kada ka kai ta gida! Damina uku a jere tana cinye mini dawa. Ruwa na sauka, amma dawar ta tsaya iya gwiwa, ganye ya ƙone kamar an yi fari. Kafin ka ga furenta ta gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Na tuge ta na jibge a bakin gona, ashe iri na baza da hannuna. Shekarar da ta biyo baya ko irin da na shuka ban mayar ba.

Ummu Sadiq: Baba, a gafarce ni, wuta-wuta tana da koren ganye. Wannan ya fi kama da wani tsiro da masana ke kira Orobanche, danginsu ɗaya dai. Ba ya iya haɗa abincinsa da hasken rana, saiwar wani tsiro yake tsotsa. Da ka raba shi da wanda ya maƙale wa, zai mutu. Ko irinsa ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar mai masaukinsa ke fitarwa.

Na Gidan Baya: Wato cima-zaune ne. Akwai irinsa a ɗakinmu, ya zo kwana uku, yanzu wata takwas.

Tsohon Manomi: 'Yata, a littafi kika gani, ni a rumbuna na gani.

Abu Hafsat: Ku ɗauki hoto ku sa a manhajar gane tsirrai kawai.

Ummu Sadiq: Ni manhajar nan ta taɓa ce mini rumfar gada, tsiron nan mai nannaɗe wasu tsirrai, ciyawa ce busasshiya.

Ɗan Lambu: Baba, ka huta da dawa shekara biyu ka sa waken suya ko auduga. Suna yaudarar irin wuta-wutar ya tsiro ya rasa abin kamawa.

Tsohon Manomi: Biyu? Irin nan yana wuce shekara 10 a ƙasa yana jira. Tsiro ɗaya dubban iri yake zubarwa, ƙanana kamar ƙura. Kuma me zan yi da maƙwabcin da ba ya cire tasa? Iska da ruwa da kofaton dabbobi duk gonata suke kawo ta. Na yi masa magana sau uku, ya ce fure ne kawai.

Ɗan Lambu: Nawa ma haka, har ya daina amsa mini gaisuwa.

Mai Yawon Safe: To jama'a, ni dai in tono ko in bari?

Na Gidan Baya: Ka zo ka tono na ɗakinmu tukuna.