Kashe Marvell a BIOS na ASUS P8P67 Pro, akwai illa?

Musbahu_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi madabod ta hannu, ASUS P8P67 Pro, da i5-2500K a kanta, ina buga takardu da katin biki da ita a shago. Lafiya lau take aiki, sai dai duk sanda na kunna, kafin Windows ya taso sai baƙin allo ya fito da sunan Marvell, ya tsaya lalube, ya ce bai ga disk ba, sannan ya wuce. Ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, kwastoma na tsaye a kaina. SSD ɗaya gare ni, da had disk ɗaya, da DVD. Na ga wurin kashe shi a BIOS, wato saitin madabod ɗin, amma ban taɓa ba. Wa ya taɓa yi?

Injiniya_Habu:
Wa alaikumus salam. Kashe shi, amma ka fara buɗe kes ka ga inda wayoyinka suke. Ramukan SATA, inda ake jona disk, takwas ne a gefen bod ɗin, kuma ba mai kula da su ɗaya ba ne. Biyu masu ruwan toka da huɗu masu shuɗi mai haske na Intel ne. Biyun nan masu shuɗi mai duhu su ne na Marvell, wani cip na daban mai kula da disk, ƙari ne kawai. Duk abin da ke jone a kansu zai ɓace in ka kashe, in kuwa SSD ɗin Windows ne, kwamfutar ba za ta tashi ba.

Sa SSD a mai ruwan toka. Ya ma fi sauri, don Marvell ta layin PCIe guda ɗaya yake bi, wanda iyakarsa kusan 500MB a daƙiƙa ne, a aikace ma ba ya kaiwa. Danna Del, ka shiga Advanced, sai Onboard Devices Configuration, ka mayar da Marvell Storage Controller zuwa Disabled, sai ka danna F10 ka adana. Akwai JMicron ma a wurin, na eSATA ne, wato ramin jona disk na waje, in ba ka amfani da shi haɗa da shi. Kada dai ka taɓa saitin AHCI na ɓangaren Intel, Windows zai ƙi tashi, shuɗin allo za ka gani.

Ummu_Khalil:
Malam Musbahu, kafin ka yi sallama da Marvell duba rubutun jikin bod ɗin. A Janairun 2011 Intel ta sanar cewa P67 na farko suna da aibi, ramukan 3Gb/s ɗin nan huɗu masu shuɗi mai haske suna lalacewa a hankali. An gyara a fitowar da ake kira B3, ASUS kuma ta rubuta REV 3.0 a jikin waɗanda aka gyara. In taka tsohuwar fitowa ce, gara had disk ɗinka ya zauna a mai ruwan toka na biyu, ka kashe Marvell Storage OPROM kaɗai. Shi ne mai fito da allon da ke damunka.

Dan_Zinder:
Ka canza ƙaramin batirin da ke kan bod ɗin ma, CR2032. Bod ɗin ta kwana biyu a duniya, in batirin ya mutu, ana zare wuta saitin BIOS duk zai koma yadda yake da.

Musbahu_Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na haska da tocilan, REV 3.0 ce. DVD ne a mai shuɗi mai duhu, na mayar da shi na Intel, na kashe Marvell da JMicron, yanzu daga tambarin ASUS sai Windows. Injiniya, shi direban Marvell da ke cikin Windows in cire ko in bar shi?

Injiniya_Habu:
Bar shi, ba ya cin komai.