Guguwar da ta doshi Florida: a ina za ta sauka?

Hajiya Binta, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Tampa, wani gari a jihar Florida ta Amurka. Ya turo min taswira ta WhatsApp, an zana wani abu kamar mazurari daga teku zuwa gaɓa. Wai garinsu a gefen zanen yake, in kwantar da hankalina. Ni kuwa jiya na ga zanen ya karkata arewa, yau ya dawo kudu. Anya masu hasashen nan sun san abin da suke yi?

Malam Sani, Kabuga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sun sani, iskar da ke tura guguwar ce take sauyawa. Cibiyar lura da guguwa da ke Miami tana fitar da sabon hasashe duk awa 6, bayan ta haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon jiragen da ke kutsawa cikin guguwar, da lissafin kwamfutocin Amurka da na Turai, waɗanda sau da yawa bakinsu ba ya zuwa ɗaya.

Amma ki gaya wa yaron nan mazurarin ba girman guguwar yake nunawa ba. Hanyar da ake zaton tsakiyarta za ta bi ce kawai, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar kan fita daga zanen. Iska da ruwa kuwa suna kaiwa nesa da shi. A 2022 kowa ya zuba wa Tampa ido, sai guguwar Ian ta sauka kusa da Fort Myers, can kudu. Kuma ruwan tekun da take turowa kan tudu ya fi iskar kisa.

Auwalu, Fagge:
Malam, da gaske ne wai daga wajenmu suke tasowa?

Malam Sani:
Da yawansu, Auwalu. Hadarin da ke taso mana daga gabas a watan Agusta yakan zarce yamma, ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. In ya tarar da ruwa mai ɗumi, kamar digiri 26 zuwa sama, sai ya yi ƙarfi.

Hajiya Binta:
Ikon Allah. To Malam, me zan ce masa?

Malam Sani:
Ki tambaye shi rukunin unguwarsu, don an raba yankunan da haruffa, A ce ta fi kusa da ruwa. In hukuma ta ce rukuninsu su tashi, ya tashi a ranar, kafin mai ya ƙare a gidajen mai. Allah ya tsare.