Wai da gaske ne bakteriyar cikin hanji na aika ma ƙwaƙwalwa saƙo?

Maman Ummi, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lahiya ku taimaka man, ɗiyata da ke karatu a jami'a ta ce wai akwai bakteriya masu rai cikin hanjinmu kuma suna aika ma jiki saƙo har ƙwaƙwalwa, ni abin ya ɗaure man kai wallahi, abin da ba shi da baki mi zai faɗi? Kuma in haka ne mi yasa muke shan magani don kashe su?

Ɗan Gobir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ɗiyarki ta faɗi. Yawansu ma ya kai kusan tiriliyan 38 a jikin babban mutum, galibinsu a babban hanji suke. Saƙonsu na sinadari ne. Kin ga ɗusar gero da wake da ganye irin zogale da rama, cikinmu bai iya narkar da zaren da ke cikinsu, su bakteriyan nan su ka cinye shi sai su fitar da wasu sinadarai, akwai ɗaya butirat shi ne babban abincin bangon hanji, yana ƙarfafa shi yana rage kumburi, wasu kuma su shiga jini su kai hanta. Ƙwaƙwalwa kuwa akwai jijiyar bagos da ta taso daga kai ta sauko har hanji, ta nan labari ke hawa. Sirotonin ma, wani sinadari da jijiyoyi ka aika saƙo da shi, wajen kashi 90 cikin 100 a hanji ake yin shi kuma bakteriyan nan suna da hannu ciki.

Ummu Khalil, Runjin Sambo:
Ni batun magani ya fi damuna. Da yaro ya yi zawo sai a ruga kemis a sawo Flagyl ba gwaji ba komi, alhali antibayotik irin shi, wato maganin kashe bakteriya, bai san mai amfani da mai cuta ba, duk share su yakai. Zawon yara da yawa ma bairos ne ka kawo shi, wata ƙwayar cuta da antibayotik bai kashewa, ruwan gishiri da sukari da zinc ake buƙata. Muna cutar da yaranmu da hannunmu wallahi, abin na man ciwo ƙwarai.

Maman Ummi, Mabera:
Allah ya saka da alheri. To hura da nono da muke sha kullum fa, tana ƙara su?

Ɗan Gobir:
Tana taimakawa Hajiya, nono da kindirmo akwai bakteriya masu amfani da su ka sa shi tsami, geron hura kuma abincin na cikin hanjin ne. Amma a tabbata an dafa madarar kafin ta kwana, kuma a kula da ruwan da ake damawa, musamman lokacin zahin nan da ake zuba ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa anka yi ta ba. In likita ya rubuta antibayotik kuma a sha shi yadda ya ce.