Neman kalma: akwatin da ake shuka wiwi a cikinsa a Jamus

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Ina da rahoton da za a karanta a rediyo ƙarfe shida na yammacin yau, kan dokar wiwi ta Jamus wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2024. Dokar ta yarje wa wanda ya cika shekara 18 ya shuka gindi uku a gidansa, da sharaɗin kada yara su kai gare su. To yawancin mutanen birni a gidajen haya na bene suke, babu tsakar gida, ga sanyi, rana kuma ba ta wadata ba. Shi ne wasu ke haɗa akwati da katako, ko su gyara tsohuwar durowar kaya. Ciki a lulluɓe da abu mai ƙyalli, ga fitila a madadin rana, ga 'yar fanka, ga matatar gawayi mai shanye wari, a ƙofa kuma kwaɗo. Jamusawa "Growbox" suke ce masa, su ma aro suka yi daga Ingilishi. Sau bakwai kalmar ta fito a rahoton. Me zan kira shi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Malama. Akwatin shuka. Muna da akwatin zaɓe, muna da akwatin talabijin, kunne ba zai yi tuntuɓe ba.

Malamin Firamare: Ni dai akwatin renon shuka ya fi kwanta mini. Abin ai reno ne, sai an ba shi ruwa, an ba shi haske, kamar jinjiri.

Ɗan Lambu: Malam, a yi hattara da "reno". Mu nan wajen Kura in ka ce reno, irin tumatir ko albasa ake nufi, wanda za a cire a kai dashe in ya yi ƙwari. Manomi na jin haka zai ɗauka daga baya gona za a kai abin. Yadda Malama ta faɗa kuwa, a ciki yake tsira, a ciki yake girma, a ciki ake girbe shi.

Malam Nahawu: Duk kun bar hanya. Harshen nan yana da ƙirarsa ta sunan wuri: karanta ta ba mu makaranta, saƙa ta ba mu masaƙa, jima ta ba mu majema, rini ya ba mu marina. To tsira fa? Matsira. Kalma ɗaya tak, ba jere-jeren kalmomi uku kamar ana lissafin cefane ba. Shekara da shekaru ina cewa a koma wa wannan ma'auni, amma 'yan jarida sun fi son abin da ya zo baki.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, na ji daɗin ƙirar. Tsorona ɗaya: in na rubuta "matsira", mai karanta labarai zai ɗauka wurin kuɓuta ake nufi, irin na "ba shi da matsira".

Malam Nahawu: 'Yata, wasalin ai ba ɗaya ba ne. Na tsiro gajere ne, na kuɓuta dogo. Rediyo kuma da baki ake yi. In mai karatu ba ya bambance su, laifin wanda ya ɗauke shi aiki ne. Sannan ku da kuke riƙe da akwati, kun san baƙuwa ce? Daga Yarabanci ta shigo, "apoti" suke cewa. In dole sai an yi akwatin, a ce adaka.

Ɗan Zango: Ranka ya daɗe, adaka ai ta Asante ce. Nan Kumasi da ita ake kiran akwati a Tuwi, yaren Asante, har gobe. Kakanninmu fataken goro ne suka kai muku ita tare da kayan lefe. In kuma ka gudu zuwa sanduƙi, ka faɗa hannun Larabawa.

Malam Nahawu: Shi ya sa na ce matsira. Ita ba ta ci bashin kowa ba.

Baban Ummi: Malam, da girmanka, an yi irin wannan a kan kwamfuta. Aka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau wa ke faɗinta in ba a takardar jarrabawa ba? Kalmar da aka ƙera a ofis, kasuwa ce ke yanke mata hukunci.

Malam Nahawu: Yanar gizo fa? Jirgi mai saukar ungulu fa? Ba ƙerawa aka yi ba? Sun zauna daram saboda an sami masu kishin da suka yi ta maimaita su a rediyo. Ku kuwa tun kalma ba ta sa ƙafa a ƙasa ba kun ce gurguwa ce. Gobe in an ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya ba, ku ne na farkon yin fushi.

Hajiya Uwargida: Ku yi mini haƙuri, tun ɗazu nake karantawa raina na ɓaci. Ɗan ƙanwata wiwi ce ta raba shi da makaranta, shekara biyu muna jinya. Yanzu a ce abin da ake noma ta a ciki sunansa matsira? Yaron da ya ji a rediyo me zai ɗauka? Reno kuma na 'ya'ya ne. Ku nemo suna marar daɗi, ko ku bar shi da Turancinsa, ba namu ba ne.

Malamin Firamare: Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya shirya mana zuri'a. Na janye reno. Amma suna ba yabo ba ne, muna da kalmar giya da caca ba don muna so ba. Kuma irin akwatin nan ana shuka barkono da latas a ciki a ƙasashen sanyi, bai kamata sunan ya manne da wiwi kaɗai ba.

Mai Fassara: Amin. Hajiya ki kwantar da hankalinki, rahoton ya kawo maganar likitocin Jamus da suka yi adawa da dokar saboda illarta ga matasa, kuma na ƙara layin da ke cewa a Najeriya noman wiwi laifi ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na kamawa. Saura mini awa biyu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, na makara. Me ya hana lambu? Gona ruwan sama take jira, lambu kuwa mutum ke shayar da shi da hannunsa, ba ruwansa da damina. Wannan abu haka yake, har rana ma mutum ke kunna masa. Ku ce lambun akwati.

Ɗan Lambu: Wannan ta shiga. Ko mahaifina ya ji zai gane ba za a kai dashe ba.

Baban Ummi: Lambun na yarda da shi, jerin ne bai yi mini ba. Abin da ake bugawa da ƙusa a sa wa kwaɗo akwati ne, saboda haka akwatin lambu. Za ka ce "ya haɗa lambun akwati da katako"?

Ɗan Maraɗi: In ka ce akwatin lambu, ni akwatin da ake zuba tumatir a kai kasuwa nake gani.

Malam Nahawu: Kun ga abin da nake gudu. Kalma biyu, kun kasa sanin wadda za ta shiga gaba.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure, ga abin da na miƙa. A ambato na farko: "lambun akwati, wato akwatin da ake shuka a cikinsa a ɗaki da hasken fitila". Sauran wurare shida na ce "akwatin" kawai. Edita ya karɓa, sai dai ya ce inda rahoton ya ambaci wanda ake saya na yadi mai zif, in sa "tanti". Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Malam Nahawu: Na yau ya wuce, tunda lambu tamu ce ba zan ja ba. Amma na sa matsira a jerin kalmomin da nake tarawa, kuma ranar Litinin ɗalibaina za su ji ta.

Baban Ummi: Malama, in za a maimaita shirin da safe, ki gwada "akwatin lambu" sau ɗaya mu ji yadda zai fita a baki.