Jarin ƙungiyarmu ta mata yana narkewa a cefane

Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar mata 14 masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a Kano, kuma daga kuɗin adashenmu muka ware asusun da muke ba mambobi rance ba tare da kuɗin ruwa ba, domin su sayo gyaɗa a kasuwar Dawanau lokacin kaka, kafin ta yi tsada.

Matsalar ita ce, da zarar mace ta sayar da man, sai cinikin ya tafi a cefane da kuɗin makarantar yara, ranar biya kuma a tarar uwar kuɗin ma ta taɓu. Mun mayar da biyan mako-mako maimakon wata-wata, mun buɗe wa kowacce littafin lissafi, amma rabinmu ba su iya rubutu ba, littattafan suna nan fayau. Mun kuma ce sai da mai tsaya wa mace, wannan kuwa ya haddasa gaba tsakanin maƙwabta biyu, abin da ban so ba ko kaɗan. Yanzu mata biyar ba su biya ba, asusun ya tsaya cik.

Wace hanya ce za ta raba jarin sana'a da kuɗin gida ga matar da ba ta karatu da rubutu? Na gode.