Wai meye bambancin borrow da lend ne?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Jiya a ofis birona ya ƙare na juya na ce ma wata abokiyar aikinmu "please borrow me your pen" sai ta miƙo min tana murmushi wai lend ake cewa, wallahi kunya kamar in nutse don gaban mutane ne, ni kuma tun muna sakandare haka nake ji kowa na faɗa. Toh ba duka aro suke nufi ba?

Tsohon Ticha:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarta fa. Duka aro ne amma mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Mu kalma ɗaya muke juyawa, na ari biro, na ara masa biro, shi ya sa in mun shiga Turanci sai mu ɗora wa borrow aikin biyu. Ka ce "lend me your pen" ko "can I borrow your pen". Borrow da from take tafiya, lend kuma da to. In abin ya wuce lent ake cewa ba lended ba, masu shirin WAEC da JAMB a kula.

Maman Biyu:
Ni abin da ke ban dariya malam, mu ma muna da namu rabon da su ba su da shi. In maƙwabciya ta aiko yaro a ba ta turmi ko rariya wannan aro ne don shi ɗin dai za a dawo da shi, amma in mudun shinkafa ne ko dubu biyar ai rance ne tunda cinyewa za a yi a biya da wani. Bature kuwa duk borrow ya tattara su.

Na Sabon Gari:
Ku dai kuna wahalar da kanku, a Pidgin borrow me daidai ne kuma duk kasuwa a haka ake fahimtar juna. A jarabawa ko wasiƙar neman aiki ne kawai zai ja maka. Wadda ta fi haɗari owe ce. Na taɓa tura ma wani kwastoma tes na rubuta "I owe you 20k" a nufina ni ke bin shi bashi, ashe na rubuta da hannuna cewa shi ke bina, mutumin nan sai ya turo min lambar akawun ɗinsa.

Tsohon Ticha:
Hahaha Allah ya kyauta. "You owe me" za ka ce. Loan kuma yawanci suna ne, shi kansa bashin kamar na banki, ko da yake a Amurka za ka ji ana "loan me" ba wanda zai ɗaga kai.

Ɗan Kurna:
Na gode malam Allah ya ƙara ilimi. Yanzu ma na laluba aljihu na ji biron nata, ban mayar ba.